Hanyar da Gero Ya Cinye

Tun da na yi wayo nake taka sayyada, ban taɓa jin wanda ya ce mini sannu da motsa jiki ba. Sannu da wahala ake ce mini, shi ma in an ga dama. Sai da furfura ta fara fito mini sannan na ji labari wai abin nan da talauci ya ɗora mana tun muna yara magani ne, har likita ke rubuta wa manya shi a Dutse. Da na san haka da tuni na buɗe kemis.

Ƙauyenmu yana tsakanin Dutse da Jahun, ba a bakin titi ba, ba kuma can cikin lungu ba. Da aka raba gadon mahaifinmu, abin da ya faɗo mini wata 'yar fadama ce a bakin rafi, baƙar ƙasa mai danƙo, da damina shinkafa, da rani albasa da tattasai. Ba ta da girma, amma ita ke riƙe da gidana. Boko na yi shi rabi da rabi na watsar, saboda haka ba ni da ofis, ba ni da fansho. Fadamar nan ita ce duka.

Hanyar zuwa can ko an ɗaure mini ido zan bi ta. Ka fita ta bayan gari, ka wuce maƙabarta ka yi musu sallama, ka ratsa tsakanin wasu duwatsu biyu da suka jingina da juna kamar tsofaffi masu gulma. Daga nan sai jigawa, jan yashi mai cin ƙafa, babu komai sai sabara da kargo da iska. In ka kai ƙarshen tudun za ka hango dabinai a jere, bayansu kuma kwari kore shar. Sai ka gangara zuwa burtali. To daga burtalin nan zuwa bakin fadamata, hanyar ta ratsa tsakiyar gonar wani dattijo abokin mahaifinmu, Baba Alhaji muke ce masa. A nan maganar take.

A zamanin mahaifinmu amalanke na bin wurin da shanunta biyu, mai jaki ya raɓa ya wuce. Ba kirkin kowa ne ya sa ba, jama'a ce ke bi: masu cin kasuwar ƙetaren rafi, matan Fulani da ƙoren nono, masunta, 'yan biki. Ƙasar ta yi tauri kamar daɓen ɗaki, ko ka zuba iri ba zai fito ba. Sai gwamnati ta yi mana alheri ta zuba burji ta ɗaya gefen garin, ta kafa kwalbati, babura suka cika ko'ina. Yanzu mutum ko ta'aziyya zai je bayan layi sai ya nemi ɗan acaɓa. Ƙafafu suka ɗauke daga tsohuwar hanya, aka bar ni da ita ni kaɗai.

Wanda bai yi noma ba bai san yadda ake cin hanya ba. Ba a rana ɗaya ake yi ba, kuma ba a faɗa. Kowace damina in an zo huɗa sai garma ta ɗan karkace, kunya ɗaya ta shiga hanya. Ka yi magana a ce maka shanu ne suka kauce, dabba ce, ina ta san iyaka. Abin mamaki, shanun Baba Alhaji ba su taɓa kaucewa sun bar wa hanya ko taƙi ɗaya ba, kullum ta gefe ɗaya suke kuskure. Shanu masu ilmi. Amalanke ta daina shiga, na koma jaki. Mangala ta fara gogar gero dama da hagu, na koma ɗauka a ka. A ƙarshe hanya ta zama kamar tsagar kitso.

Akwai kuma ƙa'idar wurinmu, ba a rubuta ta ba amma ko mahaukaci ya san ta. Iri in yana cikin ƙasa ka taka, babu laifi, ƙafa ta riga shi. Da zarar ya tsiro ya nuna kore kuwa, ya zama abinci, wanda ya taka shi ya taka abinci, duk gari za su yi masa tofin Allah tsine. Saboda haka rigimar hanya duk a 'yan kwanakin nan take, tsakanin ruwan shuka da fitowar tsiro. In ƙafafu sun yi yawa a lokacin, ƙasa ta danne, hanya ta tsira shekara guda. In babu, gero ya ci.

Na kai kuka wurin mai unguwa, wanda surukin Baba Alhaji ne, amma wannan ba ya hana adalci, in ji shi. Ya saurare ni yana sakace.

"To ita hanya mece ce?" ya ce. "Ai inda jama'a ke bi ne. Wa ke bin ta yanzu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni."

"Kai da wa?"

"Ni da ni. Safe da yamma."

"To kai kaɗai ai ba jama'a ba ne. Ko sallah sai an kai biyu take zama jam'i. Kawo jama'a mu gani."

Na fito ina tunanin a wace kasuwa ake sayar da jama'a.

Ina da wa, ɗan wan mahaifinmu ne, gida ɗaya muka tashi, tabarma ɗaya muka kwana. Shi kansa ya ɗauki boko, ya yi ta hawa har ya zama darakta a wata ma'aikata a Dutse. Ya yi ritaya da tumbi da ciwon suga da hawan jini, cikakken kayan sallama. Likita ya ce masa ko ya riƙa takawa da ƙafarsa ko a ɗauke shi a makara. Sai suka kafa ƙungiya shi da ire-irensa, kowace Asabar da safe su sa farin takalmi su zagaya sakatariya, direbobi na bin su a baya da motoci a hankali, ko da wani zai gaji da lafiyar.

A ƙarshen wata bazara na je gaishe shi da ɗan buhun albasa kamar yadda na saba. Na same shi a falo yana shan shayi ba suga yana yamutsa fuska. Ya ce kwalta ta ishe su, ga hayaƙin adaidaita. Ya ce lokacin da aka tura shi kwas ƙasar Turawa ya ga abin mamaki: hanyoyin ƙafa a kan tuddai masu ciyawa, da cikin kwarin kogi, da bakin teku, an kakkafa musu alamu, har taswirarsu ake sayarwa. Tsofaffi na bi da sanduna suna murna. Kuma ko ta cikin gonar wani hanya ta ratsa, mai gonar bai isa ya rufe ta ba.

"Mu nan ba mu da irin wannan," ya ce. "Ba mu san darajar tafiya ba."

Na dubi ƙafafuna, faso ya tsattsaga su kamar ƙasar tafki da rani. Na ce, "Gaskiya ne, Yaya. Ba mu sani ba."

Amma maganar nan ta mai gona bai isa ya rufe ba ta tsaya mini a rai. Na ce, "Yaya, teku dai ba mu da shi, sai a yi haƙuri. Tudu da kwari da rafi kuwa, ai ka san hanyar fadama."

Ya ajiye kofin. "Tana nan?"

"Tana nan da ranta. Ta dai rame."

Na tambayi yawansu, ya ce sun haura ashirin. Na kuwa taɓa ganin su, kowanne ya yi biyuna a nauyi. Na ce a raina ko injin danne titi albarka. Ban gaya masa zancen Baba Alhaji ba. Babban mutum yana so ya taimake ka, amma ba ya so ya ji ka ɗaura masa garma. Cewa kawai na yi su bari sai an yi ruwan fari, yashi ya kwanta, gari ya yi sanyi.

Ruwan shuka ya sauka ran Talata. Washegari ina kallo 'yan ƙwadagon Baba Alhaji suka bi da sungumi suka shuke gonar kaf, har da hanyar, daga burtali zuwa bakin fadamata, ba su bar ko inda kaza za ta bi ba. Na buga wa Yaya waya ko za su zo Alhamis. Ya ce tsarin ƙungiya Asabar ne, ba a canja shi sai an zauna. Kwanakin nan na yi ta sintiri a kan hanyar, in je in dawo ina jan ƙafa, har mai ɗakina ta tambaye ni ko wani abu na yar a can. Mutum ɗaya dai mutum ɗaya ne.

Ran Asabar da sassafe motoci suka jeru a gindin kukar bakin gari. Suka firfito da wanduna masu roba da hulunan hana sallah, wasu da sanduna na ƙarfe bibbiyu kamar za su haƙa rogo. Akwai wani gajere mai ƙaton ciki da suke kira Sakatare, shi ne bakin ƙungiyar.

"Kai ne jagoran?" ya ce mini. "Babu macizai dai ko?"

"Akwai, ranka ya daɗe, amma sun san manya."

"Darakta, ƙanin nan naka bakinsa da kaifi."

"Shi ya hana shi karatu," in ji Yaya.

Aka yi dariya. Ni ma na yi, tunda ƙafafunsu nake so.

A maƙabarta Yaya ya ɗaga hannu ya yi wa iyayenmu addu'a, wannan kam ba zan yi masa ba'a a kai ba. A wurin duwatsu aka tsaya ɗaukar hoto, kowa ya janye cikinsa. Da muka shiga jigawa aka fara haki. Sakatare ya tsaya ya dafa gwiwa ya ce wane ɗan kwangila ne ya zubar da yashi haka a kan hanya, a kai rahotonsa. Wani ya ce masa ya yi shiru, ƙila shi ya sa hannu a takardar.

Yaya kuwa ya koma yaro. Duk inda muka wuce sai ya nuna. Nan muke tono gafiya. Gindin kargon can kunama ta harbe shi. Da muka hau ƙarshen tudu ya tsaya yana kallon kwari. Ƙasa na ƙamshin ruwa, dabinai sun wanku, rafin na ƙyalli can ƙasa, balbelu sun yi fari a bakinsa. Ya dafa kafaɗata ya nuna ƙasan burtali da sandarsa.

"Ka tuna can, tsakiyar gonar Baba Alhaji, wajen kututturen gawo inda hanya ta yi kwana? Nan ƙaya ta soke ka, na goye ka har fadama kana ihu."

Na ce na tuna. Raina ya yi sanyi. Na ce a zuciyata yau Allah ya kawo ni gida.

Muna gangarowa na hango tabarmi a gindin ɗorawar bakin burtali. Baba Alhaji na zaune cikin babbar riga, mai unguwa na gefensa, ga ƙoren fura da nono a jere, ga farantan dabino. Na juya wurin Yaya.

"Yaya, wa ya gaya musu?"

"Ni mana. Tun Laraba na aika wa mai unguwa. A shiga garin mutane da baƙi haka ba sallama? Sai ka ce ɓarayin shanu."

Baba Alhaji ya miƙe da ƙyar ya riƙe hannun Yaya da hannu biyu. "Ɗana! Ɗana! Ashe za ka tuna da mu." Ya ambaci iyayenmu, ya goge ido da bakin riga. Aka zazzauna, aka yi gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ya iyali, ya ritaya, ya muka ji da ruwa. Aka tura ƙore gaban masu ciwon suga. Sakatare ya ce likita ya hana, amma ba a mayar da hannun dattijo baya. Bai kuwa mayar ba, sai da ya ga gindin ƙwarya. Ni ina tsaye rana na hawa, ina kallon gonar.

Da na ga zaman zai kai azahar na ce, "Bismillah, ranku ya daɗe, ga hanya nan, mu gangara." Na yi gaba na sa ƙafa.

"A'a, a'a, ɗan nan," in ji Baba Alhaji. "Ina za ka kai manya?"

Ya tako a hankali ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, ya share yashi da yatsa. Ga shi nan, siriri kamar allura, kore. Da na duba da kyau sai na gan su a jere har ƙasa.

"Gero ne," ya ce. "Jiya ya fara leƙowa. Amma in manya na son bi, su bi, na yafe. Abincin iyali ne kawai."

"Subhanallahi!" in ji Sakatare, ya janye farin takalminsa kamar ya ga wuta. "Mu taka abinci?"

Na ce, "Baba, nan fa hanya ce."

A wurinmu ba a gaya wa sa'an ubanka haka a gaban baƙi, ko da kuwa a kan wuyanka ya yi shuka. Baba Alhaji bai yi fushi ba, murmushi ya yi.

"Hanya? To, ƙila. Tsufa ya zo, mantuwa ta yi yawa. Ga Darakta nan, ai nan ya tashi. Ɗana, ka tuna da hanya a nan?"

Kowa ya juya ya dubi Yaya. Ludayi na hannunsa har lokacin. Ya dubi gonar, kututturen gawon na nan tsaye a tsakiya, tun daga kan tudu ya nuna mini shi. Ya dube ni. Ya dubi tsohon da ke durƙushe. Ya dubi ƙwaryar da ke gabansa.

"Gaskiya, Baba, an daɗe," ya ce. "Ba zan iya cewa ga daidai inda take ba."

Da aka miƙe ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya. "Kai ma ka yi haƙuri mana. Mun sha furar mutum."

Mai unguwa ne ya karɓi jagoranci. Ya bi da su ta burtali, wanda ya yi dogon zagaye ya faɗa mashigin shanu a rafi, daga nan sai a biyo gaɓa a dawo fadamata ta baya. Ƙaya, ƙarangiya, kashin shanu, babu abin da ba su taka ba, kuma sun ji daɗi ƙwarai, tunda ta fi nisa. Sakatare ya yi ta nuna wa kowa wayarsa, wai tun da aka kafa ƙungiya bai taɓa yin tafiya irin ta yau ba. A fadamata suka tsaya suka yi hotuna, suka yaba ƙasa, suka yaba ruwa. Wani ya ce mai wuri irin wannan ai ba shi da damuwa a duniya. Da yake rafi bai kawo ba tukuna, suka bi gaɓa har kwalbati, motoci suka zagayo ta burji suka kwashe su a can.

Kafin mu rabu mai unguwa ya dafa ni. "Ka cika alkawari, ka kawo jama'a. Mun kuma ga inda suka bi."

Bayan sati Yaya ya aiko mini da tukuici, farin takalminsa na da. Ya yi mini yawa, amma na sa tsumma a ciki.

Burtali da rani ba laifi, in ka iya jiran garke ya wuce. Da ruwa ya zauna kuwa, mashigin nan yana kai wa ƙirji, ƙarƙashinsa laka mai cire takalmi, fari ko baƙi. Ta nan na riƙa shiga da taki a ka. In rafi ya kawo sai in tsaya a gaɓa in hango ciyawa na cin shinkafata, in yi mata addu'a in koma gida. Da girbi ya zo dami ɗai-ɗai na fito da ita, ta gefen geron Baba Alhaji, wanda ya yi kyau ƙwarai a kan hanyar. Ƙasar da ta daɗe tana hutawa ce. A damina ta biyu gwiwata ta fara kumburi.

Sai Baba Alhaji ya aiko a kira ni. Ya ce wahalata na hana shi barci, shi da mahaifina abu ɗaya ne, ba zai zuba ido ɗan amininsa ya nakasa ba. Yana da wata gona a jigawar bayan gari, kusa da gida, ko da sanda zan iya zuwa. In ba shi fadama ya ba ni ita. Na san gonar, sabara na yin kyau a cikinta. Na ce zan yi shawara. Na yi ta shawara har wata damina ta zo, ranar da ruwa ya kusa tafiya da ni a mashigi da buhu a kaina na gama shawara. Aka yi musaya a gaban mai unguwa da liman, aka shafa fatiha, kowa ya yaba wa dattijo da zumunci.

Ana gama girbin shekarar ya sa aka buɗe hanyar. Ba tsagar kitso ba, faɗin da a-kori-kura za ta shiga ta fito. Daga burtali har bakin fadama, a daidai inda take tun zamanin iyayenmu, da kwanar nan ta wajen kututturen gawo, bai kuskure ko taƙi ba. Allah mai warkarwa, mantuwar tsufa ta sake shi.

Rannan na je wajen yankan gamba, ina tsaye a bakin burtali sai ga motarsa ta taho daga ƙasa, yana gidan gaba. Ya sa direba ya tsaya, ya leƙo.

"Ɗan nan, ka ga na gyara hanyar iyayenku. Duk lokacin da ka ga dama ka bi abinka, kada ka ji komai. Hanya ta Allah ce."

Na ce, "Allah ya saka, Baba."

Motar ta yunƙura da buhunan albasa har sama, na matsa gefe na ba ta wuri.